Duniyar Shiru: Fim ɗin da Ya Buɗe wa Mutane Cikin Teku

A shekarar 1956, saura shekara 4 Nijar ta karɓi mulkin kanta daga hannun Faransa, wani fim ya fito a gidajen sinima na birnin Paris mai suna Le Monde du silence, wato Duniyar Shiru. Mutum biyu suka shirya shi: Jacques-Yves Cousteau, hafsan sojan ruwa na Faransa, da wani saurayi ɗan shekara 23 da ake kira Louis Malle. Tsawonsa minti 86 ne. Ba shi da jarumi da jaruma, ba shi da soyayya, ba kuma ƙagaggen labari ba ne. Wasu mazaje ne kawai ke nutsawa cikin teku da na'urar ɗaukar hoto, su fito da abin da idanunsu suka gani. Duk da haka shi ya lashe Palme d'Or, babbar kyautar bikin finafinai na Cannes, a wannan shekara, ya kuma ƙara da kyautar Oscar ta Amurka a 1957. Fim na gaskiya irinsa bai sake cin kyautar Cannes ba sai a 2004.

Mai karatu na Gangara ko Gazawa ko Agye zai iya cewa, ina ruwan biri da gada? Mu mutanen tudu ne, 'ya'yan gero da dawa da wake. Ruwan da muka sani shi ne na rijiya, da tafkunan damina da ke ƙafewa kafin bazara, da kwarin Gulbin Kaba, sai wanda ya yi nisa ya ga tafkin Madarunfa. Amma alaƙarmu da tekun da ke cikin wannan fim ta girmi fim ɗin. Murjanin da kakanninmu mata suka ɗaura a wuya da hannu, na ainihi, daga ƙarƙashin Bahar Rum aka tsamo shi, ya ratso Sahara a bayan raƙuma. Alhazanmu na dā kuwa, waɗanda suka bi ta Chadi da Darfur a ƙafa da jakuna, wasu shekara da shekaru suna tafiya, a Sawakin da Port Sudan suke shiga jiragen ruwa su ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Sun bi ta kan wannan duniyar ba su gan ta ba. Cousteau na cikin waɗanda suka fara nuna wa jama'a abin da ke ƙarƙashin jiragen da suka ɗauke su.

Yadda aka yi aikin

Kafin zamanin Cousteau, wanda ke son daɗewa a ƙarƙashin ruwa sai ya sa hular tagulla mai nauyi da takalman dalma, a ɗaura masa igiya, wasu kuma a cikin jirgi suna buga masa iska ta mesa. Tafiya yake yi a ƙasan teku, ba iyo ba, kuma iyakarsa iyakar igiyarsa. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka ƙera wata na'ura da ke ba mutum iska daga tukunyar ƙarfe da ya goya a bayansa, daidai gwargwadon numfashin da ya ja. Daga ranar igiya ta tsinke. Fim ɗin ya nuna wannan canji a fili, inda ya haɗa mu da Girkawa masu tsinko soson teku cikin tsofaffin kayansu masu nauyi, ga kuma Frédéric Dumas, abokin Cousteau, yana shawagi a gefensu babu abin da ya riƙe shi.

Jirginsu, Calypso, an ƙera shi a Amurka lokacin yaƙi don kwashe nakiyoyin ruwa, ya yi wa sojan Ingila aiki. Wani attajiri, Loel Guinness, ya saye shi a 1950 ya ba Cousteau haya a kan faran ɗaya a shekara. Da shi suka yawata Bahar Rum da Bahar Maliya da tekun Fasha da tekun Indiya a 1954 da 1955. Sun ɗauki hoton da tsawon zarensa ya kai kilomita 25, suka tace, suka bar kilomita 2 da rabi. Wannan tankaɗe da rairaya shi ya sa babu inda fim ɗin ke jan ƙafa. A nan ake ganin hannun Malle, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan daraktocin Faransa. Cousteau ya san teku, Malle ya san inda ya kamata ido ya tsaya da inda ya kamata ya wuce.

Abin da ya sa ya burge

Farkon fim ɗin kaɗai ya isa a yi wa masu shi jinjina. Mutane ne ke gangarawa cikin ruwa shuɗi, kowa riƙe da sandar wuta tana ci, kumfa na tashi a bayansu. Wuta a cikin ruwa! Ba a yi dogon bayani ba, ba a tsaya gabatar da kowa ba. An jefa mai kallo cikin tekun tun kafin ya gyara zama. Wanda ya taɓa kallon gasar kurme ta masunta a bikin Argungu ya san yadda zuciya ke bugawa idan mutum ya ɓace a ruwa ana jiran ya ɗago. A nan ba a bar ka a bakin gaɓa kana jira ba, tare da kai aka nutse.

Abu na biyu shi ne launi. Ruwa yana shanye hasken rana kaɗan kaɗan, kuma ja ne ke fara ɓacewa tun a 'yan mitocin farko, sai ruwan goro, sai rawaya, har komai ya koma shuɗi-shuɗi. Mutanen Calypso sun sauka da manyan fitilu. Da suka kunna, sai ga bangon dutse da ake zaton toka-toka ne ya fito ja wur da rawaya da shunayya. Launukan nan suna wurin tun fil azal, babu idon ɗan Adam da ya taɓa ganin su a mazauninsu. Duk mai imani da ya kalli wannan wuri zai tuna cewa Suratur Rahman ta ambaci lu'ulu'u da murjani cikin ni'imomin da ke fitowa daga teku, bakinsa kuma zai kama tasbihi ko bai shirya ba.

Na uku shi ne jirgin da ya nutse. Thistlegorm jirgin dakon kaya ne na Ingila da jiragen saman Jamus suka nutsar a watan Oktoba na 1941 kusa da Ras Muhammad, a bakin yankin Sinai, maƙare da motoci da babura da kayan yaƙi. Hoton yana bin mai nutso a hankali ta kan bene da ƙofofi, kifaye na shiga suna fita ta tagogi, har ya kai ga ƙararrawar jirgin ya kankare ta sunan ya bayyana. Shekara 14 kacal da nutsewarsa, teku ta riga ta mayar da kayan kisa gidan halittu. Masu fim ɗin ba su cika wurin da surutu ba, sun bar kiɗan Yves Baudrier da ƙarar numfashi suna aiki. A ganina nan ne ƙololuwar fim ɗin.

Fim ɗin bai ɓoye haɗarin sana'ar ba. Ya nuna yadda iskar da ake shaƙa a zurfi ke juya wa mutum hankali har ya manta abin da ya kai shi, da yadda wanda ya yi gaggawar fitowa ke kamuwa da ciwon gaɓoɓi sai an kulle shi cikin wata tukunyar ƙarfe an sake matsa masa iska a hankali. Ya kuma nuna zaman jirgi: cin abinci tare, guguwa, kifaye masu tashi da ke faɗowa kan bene a tsince su a soya. Sannan ga Jojo, wani ƙaton kifi mai faɗin baki da ya saba da su a tsibirin Assomption, yana bin su ko'ina don guntun nama, har ya dame su suka sa shi cikin kejin da suka tanada don kare kansu. Miliyoyin mutane a Faransa sun fita daga sinima sun san cewa kifi ma yana da hali, yana gane mutum, yana sabo.

Inda ya yi ɓarna

In za ka faɗi, faɗi gaskiya. Akwai wurare a cikin wannan fim da ba sa kalluwa sai da ɓacin rai.

Akwai inda suka dasa nakiya a kan dutsen murjani suka tayar, kifaye suka taso matattu, aka zube su a rairayi. Hujjar da aka bayar ita ce, wai ta haka ne kaɗai za a ƙidaya ire-iren halittun wurin. Akwai inda jirgin ya shiga garken wata babbar dabbar teku mai shayar da 'ya'yanta nono, wadda Faransawa ke kira kashalo, farfelar jirgin ta yanke ɗan ƙaramin cikinsu, jini ya rine ruwa, suka ƙarasa shi da bindiga. Ƙamshin jini ya jawo kifayen shak suka far wa gawar. Sai mutanen jirgin suka hau kamo su da ƙugiya suna jawo su bene suna sara da duka, wai suna rama wa mamacin, alhali su suka yi kisan, shak kuwa abincinsa kawai ya zo ci. Akwai inda mai nutso ya riƙe bayan kififiya tana neman hawa ta shaƙi iska, da inda suka hau bayan manyan kunkuru a tsibiri suna raha. A 2015 marubuci Gérard Mordillat ya caccaki fim ɗin a kan waɗannan abubuwa, muhawara ta tashi a Faransa, kuma ba a kan banza ya yi magana ba.

Akwai kuma wani rashi da mai kallo ɗan Afirka zai lura da shi kafin kowa. Gaɓar Bahar Maliya da tsibiran tekun Indiya ba kango ba ne. Akwai masunta, akwai masu nutson lu'ulu'u da suka gaji sana'ar kaka da kakanni, suna sauka da numfashi ɗaya babu tukunyar iska. Masuntan yankin ne ma suka ba da labarin inda Thistlegorm yake kwance. Amma fim ɗin ya tafi kamar Turawan Calypso su kaɗai ne a tekun. Baƙar fata da ya fito sosai shi ne wani mutumin tsibiri da ya yi musu bayanin yadda kififiya ke haƙa rami ta zuba ƙwai, bayani mai ma'ana, amma aka wuce shi kamar wani ɓangare na yanayin wurin. Wannan idon zamanin mulkin mallaka ne, kuma mun san shi. Haka nan yana da kyau a sani cewa a 1954 Calypso ya yi wa kamfanin man fetur na Ingila aikin binciken ƙasan teku a gaɓar Abu Dhabi, kuɗin irin wannan aiki na cikin abin da ya riƙe jirgin. Ko sunan fim ɗin ma bincike ya gyara shi daga baya, domin na'urori sun tabbatar teku cike take da ƙara, daga ƙyasƙyas ɗin ƙananan jatan lande har zuwa kukan manyan dabbobi da ke tafiya nisan kilomitoci.

Me ya sa duk da haka nake yaba shi?

Domin masu shi ba su yanke waɗannan wurare sun ɓoye ba. Sun bar mana shaida sahihiya ta yadda mutum mai son abu ke iya cutar da shi in bai san shi ba. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. A 1955 mutane da yawa suna ɗaukar teku a matsayin rumbun da ba ya ƙarewa. Kuma wannan fim ɗin na cikin abubuwan da suka rushe wannan zato, don mutum ba ya jin zafin asarar abin da bai taɓa gani ba. Rayuwar Cousteau kanta ta nuna haka. A 1960 ya tsaya kai da fata ya yi adawa da shirin zubar da sharar nukiliya a Bahar Rum, aka fasa. A 1963 ya koma Bahar Maliya, a Sha'ab Rumi kusa da Port Sudan, inda mutanensa suka zauna wata guda a gidan da suka kafa ƙarƙashin ruwa. A 1973 ya kafa ƙungiyarsa ta kare teku. A ƙarshen rayuwarsa ya yi gwagwarmayar hana haƙar ma'adinai a Antatika, abin da yarjejeniyar Madrid ta 1991 ta tabbatar. Ya rasu a 1997. Tsibirin Aldabra na ƙasar Seshel, mazaunin irin kunkurun da aka hau a fim ɗin, ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 1982, kuma a yau kunkuru wajen 100,000 ke kiwo a can babu mai hawan su.

Jikokin Calypso

Gadon fim ɗin bai tsaya a sinima ba. A yau a Seshel da Moris da Zanzibar da Hurgada da Sharm el-Sheikh, kowace safiya jirage na barin gaɓa ɗauke da 'yan yawon buɗe ido. Da yawa katamaran ne, jirgi mai gindi biyu da aka shimfiɗa wa bene a tsakani, ba ya tangaɗi sosai, kuma yana iya matsawa kusa da tsibiri inda ruwa ba zurfi. Iyali ko abokai su ɗauki hayarsa na yini guda. A tsaya kusa da dutsen murjani, kowa ya sa tabarau na ruwa da ɗan bututun numfashi a baki da takalman roba masu faɗi, ya kwanta a saman ruwa fuska ƙasa yana kallo. Da rana a gasa kifi, da la'asar a juyo gida. Abin da Dumas da abokin nutsonsa Albert Falco suka sai da rai suka gani, yanzu yaro ɗan shekara goma yana ganin sa da rigar da ke hana nutsewa. Dubban matuƙa da masu dafa abinci da masu jagora a gaɓar Afirka da wannan suke ci da iyalansu.

Amma gado ya zo da bashinsa. Murjani ba dutse ba ne kawai, ƙananan halittu ne masu rai da ke gina wa kansu gida da alli, wasu irinsu ba sa ƙara fiye da santimita guda a shekara. Anga ɗaya da aka jefa ba kula tana iya farfasa ginin shekara hamsin. Ƙafar mai iyo da ya gaji ya taka ta karya reshe. Ciyar da kifi da hannu, irin wanda aka yi wa Jojo aka yi dariya, yanzu an gane yana ɓata ɗabi'ar kifaye, wurare da yawa sun hana. A Tailan sai da aka rufe gaɓar Maya a 2018 saboda yawan jirage, ba a buɗe ba sai a 2022. A Hurgada ƙungiyar HEPCA, wadda aka kafa a 1992, ta kakkafa wuraren ɗaure jirgi a cikin teku don a daina jefa anga. Sama da wannan duka akwai ɗumamar ruwa. In zafi ya ƙaru ko da da digiri ɗaya ne ya daɗe makonni, murjani sai ya fitar da ƙwayoyin tsiron da ke cikin jikinsa suna ciyar da shi, ya yi fari fat, in abin ya yi tsawo ya mutu. Haka ta faru a 1998, inda mafi yawan murjanin da ke kewaye da manyan tsibiran Seshel ya halaka, ta kuma maimaitu a 2016. Wuraren murjani ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in ire-iren halittun teku a nan suke samun mafaka. Saboda haka hotunan 1955 sun zama ma'auni: da su ake gane abin da aka rasa.

A nan ne manomin Gangara zai fahimci fim ɗin fiye da ɗan birnin Paris. Dattawanmu sun ga lokacin da ake ɗaukar gona mai kyau ita ce wadda aka sassabe ƙarƙaf, aka tumɓuke kututture, don gyaɗa da garma su samu fili, har malaman gona ma haka suke koyarwa. Ba ƙiyayyar itace ta sa aka yi ba, rashin sanin aikinsa ne. Sai da farin 1973 da na 1984 suka zo, iska ta riƙa binne shuka, mata suka riƙa yin nisa neman itacen girki, sannan aka waiwaya. Daga shekarun 1980, a jihar Maraɗi, manoma tare da mutane irin su Tony Rinaudo suka koma barin tohon da ke fitowa daga tsoffin saiwoyi, suna rage rassa suna raino, abin da ake kira sassaben zamani. Ƙauyen Ɗan Saga na Agye ya yi suna a duniya kan haka. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 da suka dawo a kudancin Nijar. Gawo a gona da murjani a teku aiki ɗaya suke yi: su ne ke riƙe wurin, su ba ƙanana inuwa da abinci, kuma sare su ya fi rainon su sauƙi nesa ba kusa ba.

Hukunci

Duniyar Shiru fim ne da ya cancanci sunan da ya yi. Ta fuskar hoto da tsari da kiɗa, bai tsufa ba, kuma finafinan teku da suka biyo baya, har da Blue Planet na BBC, a kan turbarsa suka bi. Ta fuskar mu'amala da dabbobi da mutanen gaɓa kuwa, ɗan zamaninsa ne, da duk aibin zamanin. Ba zan ba da shawarar a nuna wa ƙananan yara wurin kisan shak ba. Amma malaman lakwal na sakandare a Gazawa da Agye da Gidan Runji, waɗanda ɗalibansu ke jin Faransanci, za su samu darasi biyu a zama ɗaya: na ilmin halittu da na tarbiyya. A nuna shi gaba ɗayansa, kada a tsallake wurin nakiyar. In an gama a tambayi ɗalibai abin da mutanen Calypso suka yi da bai kamata ba, sannan a tambaye su wane abu muke yi yau da tafkunanmu da kabarmu da gawonmu, da zuciya ɗaya, wanda jikokinmu za su gani su riƙe baki. Fim ɗin da zai iya sa ɗan tudu ya yi wa kansa wannan tambaya ya biya kuɗin kallonsa.